A Riƙa Tuna Mai Jego a Wajen Ɗinki

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a kawo shi jarida ba. Maganar tufafin mai jego ce. Ba kayan fitar suna nake nufi ba, waɗannan kowa ya san da su. Ina nufin rigar da mace za ta kwana a ciki, ta tashi a ciki, ta yi shara, ta yi goyo, ta ba da nono sau goma a rana. Ni ma kafin in haihu ban san abin magana ba ne.

Wata biyar ke nan da Allah ya sauke ni lafiya. 'Yar fari ce, don haka a yi mini uzuri idan ban kama sunanta ba. A Kano nake aure, amma da cikina ya shiga wata tara aka mayar da ni gida Funtuwa goyon ciki. A can na haihu, a can na yi wanka har na cika arba'in. Haihuwar ta faɗo cikin watan Afrilu, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san Afrilu. Ko an kawo wuta, iskar da fanka ke kaɗowa mai ɗumi ce. Ga wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa da ake miƙo maka yana tururi. Da ka fito daga wanka ka goge jiki, kafin ka zauna gumi ya sake wanke ka.

Maigidana ya yi iya ƙoƙarinsa duk da halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ya yi mini kayan fitar suna, leshi ɗaya, shadda ɗaya, atamfa biyu. Tun cikina na wata bakwai na kai ɗinki, na nuna wa tela hotunan da na tara a waya. Ya ce zai rage ƙugu tunda ciki zai sauka, na ce ya rage sosai. Aka yi wa leshin irin ɗinkin da ake yayi, mai kama jiki, da koset a ciki, da duwatsu masu walƙiya a ƙirji, zif kuma a baya tun daga wuya har ƙugu. Ranar da na karɓo na yi murna ƙwarai. Ni na zaɓa, babu wanda ya tilasta mini.

Ranar suna gida ya cika da mata. Tun wajen sa rigar aka fara wahala, domin ciki ya sauka kam, amma ƙirji ya cika da ruwan nono ya yi tauri, abin da ni da tela ba mu lissafa ba. Sai da ƙanwata ta matse ni Gwaggo ta ja zif ɗin. Ban fi rabin awa da zama ba yarinya ta farka da kuka. Mata suna cewa "ba ta ta sha mana," ni kuwa na rasa ta inda zan ba ta. Rigar ba ta ɗaguwa daga ƙasa, ba ta zamewa daga sama. Dole na tashi na ratsa cikin mutane zuwa uwar ɗaki, na sa aka kira Gwaggo ta zuge mini, na zare hannuwa biyu daga cikin riga, na zauna a bakin gado rabin jikina a waje, yarinya kuma ta riga ta yi kukan da har ta kasa kama nonon. Sau huɗu muka yi haka kafin magariba. Da dare da Inna ta karɓe ta za ta yi mata wanka, sai ta juyo da fuskarta wajen fitila ta kira ni. A kuncinta na hagu akwai jajayen layuka guda uku, siriri-siriri, inda duwatsun rigata suka karce ta duk lokacin da na rungume ta ana ɗaukar hoto. Fatar jaririyar kwana bakwai. Na juya baya na yi kuka, Inna ba ta ce mini komai ba, ta dai shafa mata man kaɗanya.

Washegari na buɗe akwatina na zazzage a kan gado. Da na lefe da waɗanda na ɗinka bayan biki, kaya sun kai kala goma sha biyar. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Babu ko ɗaya da zan iya shayarwa a ciki ba tare da na tuɓe ba. Dogayen rigunan duk a rufe suke ta gaba. Riga da siket kuwa, siket ɗin ba ya shiga, rigar ta matse. Abin da na rayu a ciki sati biyu na farko shi ne tsohon zanin Inna da nake ɗaurin ƙirji da shi. Idan dangin maigida suka zo barka, musamman maza, sai in zumbula babban hijabi a kai cikin wannan zafi, in zauna ina ɗigar gumi har su tafi. Kafin sati uku ƙurajen zafi sun feso mini a wuya da ƙarƙashin ƙirji.

Inna ce ta fara kawo shawara. Ta ce a zamaninsu ba a san wannan wahala ba, domin buba ce mai faɗi da zani, ka ɗaga ka ba yaro ka sauke. Gaskiya ta faɗa, kuma har gobe buba tana da amfani a cikin gida. Sai dai idan ka ɗaga ta ciki da gefen baya suna fitowa, mu kuma yanzu muna fita fiye da yadda suka fita. Akwai asibiti, akwai makaranta, akwai masu zuwa aiki, akwai adaidaita sahu da za ka zauna kusa da wanda ba ka sani ba.

A kusurwar ɗakin Inna akwai keken ɗinki na ƙafa, Butterfly, tun na kayan ɗakinta, an lulluɓe shi da zani an ɗora kwanuka a kai. Ni kuma bayan na gama sakandare, lokacin da nake jiran sakamako, na yi wata shida ina koyon ɗinki a wurin wata baiwar Allah a unguwarmu. Ban ƙware ba, amma na iya yanka da haɗawa. Na ce zan hau keken, Inna ta ce atafau mai ɗanyen jiki ba ta taka keke sai ta yi arba'in. Sai muka raba aiki. Ni nake shimfiɗa ƙyalle a tabarma in zana da alli in yanka, in zura mata zare a allura tunda idonta ya fara rauni, ita kuma ta taka. Keken ya yi shekaru ba a taɓa shi ba, sai da muka ɗiga masa mai muka canza igiyarsa kafin ya yarda ya juya.

Rigar farko daga wata tsohuwar atamfar Inna muka yi ta, wadda ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga a hannu. Da tsohuwar zuma ake magani. Na ninka ƙyallen biyu ta tsawo, na sake ninkawa ta faɗi, na yanke wuya a kusurwa, kamar yadda ake yanka bubu. Na tsaga gaba daga wuya zuwa ƙasa inci 14 muka sa zif. Daren da na fara kwana a cikinta, yarinya ta motsa, na zuge da hannu ɗaya ina kwance, ta sha ta koma barci, ban ko tashi zaune ba. Wanda bai yi jego ba zai yi wuya ya gane girman wannan. Da safe na ce wa Inna ji nake kamar an sauke mini kaya daga ka.

Amma rigar tana da aibi. Haƙoran zif suna gogar kunnen yarinya, kansa kuma ƙarfe ne. Sai a ta biyu na ɗinka wani siririn ƙyalle ta ciki ya rufe haƙoran. A ta uku na gwada maɓalli, na gane ba na mai jego ba ne, domin ɓalle maɓalli da mayar da shi aikin hannu biyu ne, ita kuwa mai jego hannu ɗaya gare ta, ɗayan kullum yana riƙe da yaro. Maɓallin dannawa, irin mai yin ƙas, ya fi, sai dai dole a ɗinke shi da kyau a riƙa dubawa bayan kowane wanki. Yarinyata yanzu duk abin da ta damƙa baki take kai shi, ba na son ko tunanin maɓalli ya cire a hannunta.

Wadda na tsaya a kanta, wadda saboda ita ma na ɗauki biro, ita ce mai gaba biyu. Ga yadda take, ko wata za ta kai wa telarta. Ana yanka doguwar riga mai walawa kamar kullum. A gabanta, daidai kowane nono amma an ɗan karkata zuwa gefe, a yi tsaga a tsaye kamar inci 8 ko 9, a kalmashe bakinta da kyau don kada ta zare. Sai a yanko wani ƙyallen daga atamfar, a ɗora shi a kan gaban rigar, a haɗa shi da wuya da kafaɗa da gefe biyu, a bar ƙasansa a sake ya sauko har kusa da cibiya. Wanda ya gan ki zai ɗauka salon ɗinki ne kawai. Idan yaro ya nema, ki sa hannu ki ɗaga na saman kaɗan, tsagar tana nan tana jira, ƙyallen kuma ya sauko ya rufe. Babu zif, babu maɓalli, babu abin da zai karce shi, ciki da baya a rufe. Na shayar a cikinta a cikin mota tun daga Funtuwa har Kano, wanda ke gefena bai san ina yi ba.

Turmin atamfa yadi 6 ne. Wannan riga tana cin kamar yadi uku da rabi har da aljihu. Yadi biyu su zama zanin goyo, rabin da ya rage ya zama kallabi. Ke nan turmi ɗaya ya sallami mace daga sama har ƙasa, har da abin goya ɗanta.

Na ambaci aljihu, bari in tsaya a nan kaɗan, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kaftanin maigidana aljihu uku gare shi, biyu a gefe ɗaya a ƙirji, wandonsa ma da nasa. Ni da nake ɗauke da yaro da waya da katin rigakafi da tsumman goge tumbuɗi da kuɗin mota, kayana kala goma sha biyar babu mai aljihu ko ɗaya. Shi ya sa za ka ga mace ta cusa waya a ƙirji ko ta ƙulle kuɗi a bakin zani. Aljihun gefe ba ya cin ƙyallen da ya wuce tafin hannu biyu, ba ya cin minti ashirin. Duk rigar da na ɗinka yanzu aljihu biyu nake yi mata, masu zurfi har wuyan hannu ya shige, don kada waya ta faɗo idan na sunkuya.

Wani abin da sai da na fara goyo na lura da shi, bayan riga shi ne matashin kan yaro. Fuskarsa tana kwance ne a tsakanin kafaɗun uwarsa, wani lokaci awa biyu ko uku. Duk abin da aka sa a wurin, zif ne ko dutse ko ɗaurin igiya ko kaurin ɗinki, a kuncinsa zai kwanta. Bayan rigar mai goyo ya kamata ya zama sumul, ƙyalle ɗaya babu haɗi. Wuyan baya kuma kada a buɗe shi da yawa, nauyin goyo yana jan sa ƙasa. Hannu ya tsaya a gwiwar hannu ko ya zama mai sauƙin naɗewa, saboda alwala da wankin da ba ya ƙarewa. Tsawo ya tsaya a idon sawu. Mai ɗauke da jariri ba ta da hannun tattare riga idan za ta hau adaidaita ko ta tsallake kwata, tuntuɓe kuwa ba nata ba ne ita kaɗai. Idan siket ne ko wando na cikin gida, zariya ta fi roba, domin jikin mai jego bai tsaya wuri ɗaya ba. Awon da na yi da arba'in daban yake da na yau.

Sai maganar ƙyallen kansa, wadda ita ta fi ba ni takaici. Da na dawo Kano na shiga Kantin Kwari neman atamfar auduga mai sauƙin kuɗi. Kasuwa ce da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, kaya kam har sun yi yawa. Amma da yawa daga cikin masu arahar da ake kira atamfa yanzu roba ce aka yi wa zane. Tana da ƙyalli, ba ta yamutsewa, amma ba ta shan gumi. Idan kika goya yaro a cikinta da rana, ki sauke shi ki ga cikinsa da bayanki sun jiƙe sharkaf, kwana biyu ƙuraje su feso masa. Inna ta koya mini gwaji. A zaro zare biyu ko uku daga bakin ƙyalle a kusanta su da ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri kamar ƙonanniyar leda. Ba kowane mai shago zai yarda ki kunna ashana a gabansa ba, kuma yana da gaskiya. Abin da nake yi, ina roƙon ɗan guntu in je gida in gwada, ko in damƙe gefen ƙyallen a tafin hannu in saki. Auduga tana riƙe alamar damƙa, roba tana miƙewa nan take.

Abin yana yi mini ciwo ne saboda ni 'yar Funtuwa ce. Da auduga aka san garinmu. Mahaifina ya noma ta, ina ƙarama na sha ganin motoci sun yi lodi har suna rangaji. A Kaduna kuma tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙa ta farko, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikatan masaƙu. Yawancinsu yau a rufe suke. Ga shi jikar manoman auduga tana yawo rumfa-rumfa tana neman ƙyallen da ba zai ƙona bayan 'yarta ba. Wannan magana ce ta manya, na bar musu, amma su sani har cikin ɗakin mai jego ta shigo.

Idan an samu ta audugar, kada a yanka sai an jiƙa ta ta kwana an wanke. Sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana da kaushi ga fatar jariri, sannan auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Na taɓa yin gaggawa na yanka ba wanki, rigar ta ɗage, tsagar ta bar inda na auna ta. Wajen zaɓen launi ma akwai dabara. Mai duhu da cunkoson zane tana ɓoye tabon nono da tumbuɗi, fara ko mai launi ɗaya kuwa da ɗigo ɗaya ta tona asiri.

Wata za ta ce ina mai jego ta ga lokacin ɗinki. Gaskiya ne, babu shi a dunƙule. Da zan dawo Inna ta sa aka ɗora mini keken a mota, ta ce ya fi amfani a wurina. Riga ɗaya takan ɗauke ni kwana huɗu ko biyar. Yau in yanka bayan sallar asuba, gobe in haɗa kafaɗa, jibi aljihu. Wani lokaci layi ɗaya zan yi ta farka. Daga baya na gano idan na goya ta na hau keken, ƙararsa da rangajin jikina suna sa ta barci, to shi ne nake samun rabin awa cur. Allura da fil kuwa a ƙidaye suke, na ajiye maganaɗisu ina bin ƙasa da shi duk lokacin da na tashi, tunda rarrafe na tafe.

Abin da ya sa na ga maganar ta wuce ɗakina, ranar rigakafin sati goma ne. Muna zaune a benci, mata sun fi arba'in, kowa da jaririnta. Wadda ke kusa da ni yarinya ce ƙarama, ita ma haihuwar fari, sanye da abaya baƙa mai kyau wadda ba ta da buɗi ta gaba. Aka yi wa ɗanta allura ya tsanyare da kuka, nas ta ce ta ba shi nono ya yi shiru. Ta duba hagu ta duba dama, ga maza masu rakiya a tsaye a bakin ƙofa. In za ta ba shi, sai ta tattaro abayar tun daga ƙafa har ƙirji. Ta kasa. Ta yi ta jijjiga shi idonta ya cika da hawaye, can ta buɗe jaka ta ciro ruwan leda za ta ɗiga masa. Na riƙe hannunta, na cire mayafina na kare ta da shi har ya sha. Muna hira take gaya mini aiki aka yi mata, kuma abayar ce kaɗai ba ta taɓa mata wurin ɗinkin, duk siket ɗinta a kan ciwon suke zama. Na karɓi awonta a wurin da tef ɗin da ke aljihuna. Da muka haɗu a rigakafin sati goma sha huɗu na kawo mata guda biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Tun muna zuwa awo ake gaya mana a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF haka suke cewa, kuma kowace shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa, na ji ana ta bayani a rediyo watan jiya. An gaya mana sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. An koya mana yadda ake riƙe shi, da abin da za mu ci. Ban ji wanda ya ce mana mu duba akwatinmu ba. Ban ce riga ce ke hana mata shayarwa ba, dalilai suna da yawa, wasu sun fi wannan nauyi. Amma na ga da idona yadda riga ta kusa sa a ba ɗan sati goma ruwan leda. Mace mai kunya, idan aka ce ta zaɓa tsakanin buɗe jikinta a gaban mutane da lallashin yaro da wani abu, sau da yawa na biyun za ta ɗauka, kuma ba zan zarge ta ba.

Addininmu ma bai bar wannan ba. A Suratul Baƙara, aya ta 233, inda Allah ya ce uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, a cikin ayar nan ya ɗora wa uban yaro ciyar da su da tufatar da su gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa. Na sha karanta ayar a Islamiyya, amma sai da na yi jego na lura an ambaci tufafi a tsakiyar maganar shayarwa. Malamarmu kuma ta nuna mana a cikin littafin fiƙihu na Muhtasar Halil cewa an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ke samun tufafinta na fitsari ko kashin jariri matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta ware wata riga ta salla. Ni ma na ɗinka ɗaya mai sauƙin zurawa na rataye ta a ƙusa kusa da dardumata, ba na sa ta sai zan yi salla. Malaman da suka rubuta wannan tun ɗaruruwan shekaru sun san halin da rigar mai jego take ciki.

Don haka ina kira ga magidanta, idan ana lissafin rago da goro da kayan fitar suna, a sa rigunan zaman gida uku ko huɗu a ciki, kuma a ɗinka su tun kafin haihuwa, domin a daren farko ake fara buƙatarsu. Kuɗin ɗinkin leshina ɗaya da na sa na yini guda ya isa a yi mini uku. 'Yan uwa masu kawo kayan barka, Allah ya saka da alheri, na samu sabulu da kayan jarirai har wasu yarinyata ta girme su ba ta sa ba. Na samu atamfofi ma, amma a turminsu, mai jego kuma ba ta fita zuwa wurin tela. Da mutum ɗaya ya kawo ɗinkakkiya mai buɗin gaba, da ita zan fi tunawa da shi.

Teloli kuwa ban ga laifinsu ba, abin da muka nuna musu a waya shi suke yi, yawancinsu kuma maza ne da ba su taɓa tsayawa sun ga yadda abin yake ba. Roƙona kawai, idan mai ciki ta kawo ɗinki, a tambaye ta ko za ta shayar a ciki, a ba ta shawara zif ya dawo gaba, duwatsu su koma hannu da ƙasan riga. Mata masu ɗinki a cikin gida su ne na fi sa wa rai. Kasuwa ce a buɗe, a kowace unguwa ana suna kusan kullum. Ni da ban sa allo ba, ban yi talla ba, daga wannan baiwar Allah ta asibiti zuwa yau mata tara sun aiko mini da ƙyalle, har na fara cewa a yi mini haƙuri.

Akwai wata yayata da ta ja ni gefe ta ce in yi hattara kada in saki jiki in zama mai yawo da bubu kullum, namiji yana son kwalliya. Na fahimce ta, kuma don tana ƙaunata ta faɗa. Amsar da na ba ta, na shiga ɗaki na sa wata shuɗiya da na yi wa ado da zare a bakin hannu na fito. Ta juya ni gaba da baya tana neman inda tsagar take, sai da na nuna mata. Mace mai tsabta cikin rigar da ta yi mata daidai, wadda ba ta haɗa gumi ba ta ƙosa, ta fi kyan gani a kan wadda ke cikin leshi tana numfashi da ƙyar. Leshina yana nan a akwati, zan sa shi idan na yaye ta in Allah ya kai mu.

Edita, roƙona na ƙarshe gare ka ne. Shafin mata na jaridu yakan kawo hotunan ɗinkin biki da na salla, muna kuma jin daɗinsu. A ware mako ɗaya a kawo na masu jego, da zane da awo yadda wadda ke ƙauye za ta yanke shafin ta kai wa mai ɗinki. Na zana mai gaba biyun a bayan takardar kalanda, da awon tsaga da na aljihu, na haɗo da wannan wasiƙa. Idan zanen bai fito sosai ba, a sanar da ni ta shafin nan in sake wani da biro mai kauri.

Wassalam.

Daga wata mai jego,
Kano.